Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Ƙananan Hukumomi da Ministan Lafiya na Birtaniya Kan Kujerun Mashaya a Gefen Titi da Giyar da Ake Cewa Ba Ta da Barasa

Masu girma ministoci,

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ku da ma'aikatanku, ina rubuto muku wannan wasiƙa a madadin wasu iyalan Hausawa mazauna kudancin Landan, waɗanda asalinsu Najeriya ne da Nijar da Ghana. A cikinmu akwai ma'aikatan jinya da direbobin bas da masu gadi da malaman makaranta, akwai ɗalibai, akwai kuma tsofaffin da suka biyo 'ya'yansu domin su ƙarasa rayuwarsu kusa da jikoki. Mun sha tattauna waɗannan batutuwa biyu, wato kujerun mashaya a gefen titi da giyar da ake cewa ba ta da barasa, a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a da kuma wuraren suna da biki, har aka ga ya kamata wani ya ɗauki alƙalami. Na rubuta da Hausa domin iyayenmu da ba sa karanta Turanci su san abin da aka faɗa da sunansu, za kuma a miƙa wa ofisoshinku kwafin Turanci.

Ya kamata in fara da bayyana matsayinmu, domin kada a yi mana gurguwar fahimta. Galibinmu Musulmi ne kuma ba ma shan giya, amma ba mu zo neman a rufe wa kowa mashaya ba. Mun san matsayin mashaya a rayuwar mutanen ƙasar nan, mun san nan ne maƙwabtanmu ke haɗuwa bayan aiki, mun kuma san da yawa daga cikinsu suna fama da tsadar haya da wutar lantarki. Wasu samarinmu ma a kicin ɗin irin waɗannan wurare suka sami aikinsu na farko. Kokenmu ya tsaya ne a kan abubuwan da suka shafi kowa, mai sha da wanda ba ya sha: hanyar da dukkanmu ke bi da ƙafa, da gaskiyar rubutun da ke jikin kwalba, da kuma abin da ake sayar wa yara.

Zan fara da hanya. A watan Yulin 2020, lokacin da annobar korona ta durƙusar da gidajen abinci da mashaya, majalisa ta zartar da Dokar Kasuwanci da Tsare-tsare wadda ta sauƙaƙa samun lasisin jera tebura da kujeru a hanyar masu tafiya da ƙafa. Babu wanda ya yi ƙorafi a cikinmu a wancan lokaci, domin larura ce, kuma an ce na ɗan lokaci ne. Sai aka yi ta sabunta tsarin shekara bayan shekara, har wata doka ta 2023 ta mayar da shi na dindindin a Ingila daga ranar 31 ga Maris, 2024. Abin da aka tsara cikin gaggawa domin ceton kasuwanci ya zama dokar zaman yau da kullum, kuma an bar masa yawancin raunin da gaggawar ta haifar.

Rauni na farko shi ne faɗin da ake bar wa mai wucewa. Jagorar da Ma'aikatar Sufuri ta sabunta a 2021 kan zirga-zirgar masu naƙasa ta ce a yanayi na yau da kullum a bar mita 2, domin keken guragu biyu su iya giftawa, idan kuma wurin ya matse to kada a gaza mita 1.5. Wannan ma'auni ne mai kyau, sai dai shawara ce da ake so ƙaramar hukuma ta yi la'akari da ita, kuma a kan takardar zane ake auna ta lokacin neman lasisi. Kujerar da aka zana a takarda ba ta motsi. Kujerar da mutum ke zaune a kai kuwa tana ja da baya, ana rataya mata jaka, kare yana kwance a gefenta, abokai uku suna tsaye a bayanta da kofuna a hannu, ga allon tallan abinci an kafa a ɗan sararin da ya rage. Da yammacin Juma'a a lokacin zafi, mita 1.5 ɗin nan ba ya kai rabinsa.

Mahaifiyata ta sami shanyewar ɓarin jiki shekaru kaɗan da suka wuce, a keken guragu nake tura ta zuwa wurin likita da wurin gashin ƙashi. A kan hanyarmu akwai wata mashaya da ta jera tebura a inda titin ya fi matsewa, kusa da tashar bas. Sau da dama masu zama sukan tashi su ja kujerunsu da ladabi, ina kuma gode musu. Amma wata rana da cunkoson ya yi yawa, babu wanda ya ji sallamata saboda hayaniya, sai na sauke keken zuwa kan kwalta inda babu gangara, na tura ta a layin da bas ke bi har muka wuce. Ba ta yi magana ba sai da muka isa gida, sannan ta ce daga yau a riƙa bi da ita ta bayan layi ko da ya fi nisa. Tsohuwar da ta haura shekara saba'in ta yafe babban titin unguwarta, ita da ke son ta ga kantuna da mutane a ɗan fitar da take samu sau biyu a mako.

Akwai wani dattijo makaho a cikinmu wanda shekara da shekaru yake zuwa masallaci shi kaɗai, yana bin bangon gine-gine da sandarsa. Bango shi ne idonsa. Idan aka jingina tebura da bango ba tare da shinge mai kaiwa ƙasa da sanda za ta taɓa ba, layin da yake bi ya yanke, kuma tun da ana sauya jerin teburan kullum, ba zai iya haddace inda suke ba. Yanzu sai an nemo yaron da zai yi masa jagora. Ƙungiyoyin makafi na ƙasar nan sun yi wannan gargaɗi tun 2020, kuma sashe na 149 na Dokar Daidaito ta 2010 ya ɗora wa hukumomi nauyin duba yadda matakansu ke shafar masu naƙasa. Muna ganin nauyin bai ƙare a ranar sa hannu kan lasisi ba.

Rauni na biyu shi ne yadda ake jin ra'ayin jama'a. Mai neman lasisi yana manna sanarwa a jikin shagonsa, a ba jama'a kwana 14 su yi magana, a ba ƙaramar hukuma wasu kwana 14 ta yanke hukunci. Idan ta yi shiru har wa'adin ya cika, doka ta ɗauka an bayar da lasisin, kuma na shekara biyu. Ina roƙonku ku dubi wanda wannan tsari ya fi cutarwa. Makaho ba zai ga takardar da aka manna a gilashi ba. Mai keken guragu da ya riga ya daina bin titin ba zai gan ta ba. Wanda ba ya shiga mashaya ba shi da dalilin tsayawa yana karanta abin da ke tagarta. Ke nan mutanen da teburan za su tare wa hanya su ne na ƙarshen sanin cewa an nemi izini, kuma idan an bayar dokar ba ta tanadi hanyar ɗaukaka ƙara ba. Jinkirin ma'aikacin da aiki ya yi wa yawa bai kamata ya zama amincewa ta shekara biyu a kan hanyar jama'a ba.

Batun kuɗi ma yana da alaƙa da wannan. An ƙayyade kuɗin sabon lasisi kada ya wuce fam 500, sabuntawa kuma fam 350. Idan lasisin na shekara biyu ne, mai mashaya yana biyan ƙasa da fam 5 a mako domin filin da kan ƙara masa tebura da dama a lokacin da ciniki ya fi kyau. Ba ma kishin ribarsa. Abin da ke damunmu shi ne wannan kuɗi da ƙyar zai biya aikin takarda, balle albashin jami'in da zai fito da ma'auni da ƙarfe tara na dare, lokacin da matsalar ke faruwa. Na taɓa kai ƙara kan titin da na ambata, aka turo jami'i da safiyar Talata, ya tarar da kujeru a kife a kan tebura da hanya fetal, ya rubuta cewa babu laifi.

Sai hayaƙin taba. Tun ranar 1 ga Yuli, 2007 aka hana shan taba a cikin mashaya da wuraren aiki a Ingila, mutane kuma suka saba. Sharaɗin da ke cikin lasisin gefen titi kuwa cewa ya yi kawai a tanadi wasu kujeru ga waɗanda ba sa shan taba. An yi tunanin mai zama, an manta da mai wucewa, alhali yaron da ke cikin keken jarirai hancinsa daidai yake da hannun da ke riƙe da sigari. A watan Nuwamban 2024 gwamnati ta janye shirin hana taba a harabar mashaya, muna kuma fahimtar dalilin, domin haraba filin mai mashaya ne kuma wanda ya shiga da ƙafarsa ya shiga. Gefen titi filin kowa ne. Biranen Manchester da Newcastle sun riga sun sa sharaɗin hana taba gaba ɗaya a kujerun da ke kan hanyar jama'a, kuma mashayunsu na nan suna ciniki.

Yanzu zan juya ga Ministan Lafiya, kan batun da ya fi tayar mana da hankali a cikin gidajenmu.

Dokar Lasisi ta 2003 ba ta ɗauki abin sha a matsayin barasa ba sai ƙarfinsa ya haura kashi 0.5 cikin ɗari. Duk abin da ya tsaya a nan ko ƙasa, ana iya sayar da shi ba tare da lasisi ba, ga kowa, ko shekarunsa nawa. Jagorar da ma'aikatarku ta fitar a Disamban 2018 ta ce kada a rubuta "babu barasa" sai a kan abin da bai wuce kashi 0.05 ba, wanda ya kai 0.5 a kira shi "wanda aka cire wa barasa", wanda ya kai 1.2 kuma "mai ƙarancin barasa". Amma jagorar ta ganin dama ce, kuma dokar rubutun jikin kayan abinci ba ta tilasta bayyana ƙarfin barasa ba sai ya haura kashi 1.2. A ƙasashe irin su Jamus ana kiran giya mai kashi 0.5 marar barasa, ana kuma shigo da ita nan da wannan suna. Sakamakon haka shi ne kwalabe biyu suna jere a kanta ɗaya da alkawari iri ɗaya a goshinsu, alhali barasar da ke cikin ɗaya ta ninka ta ɗayar sau goma.

Ba za mu zuzuta abin ba. Kwalba mai rabin lita a kashi 0.5 tana ɗauke da mililita 2.5 na barasa, wato rubu'in awo ɗaya a ma'aunin da likitocinku ke amfani da shi, kuma wannan ba ya bugar da babba. Mun kuma yarda cewa mashayin da ya musanya giya mai ƙarfi da wannan ya taimaki hantarsa da iyalinsa, a ƙasar da mutum 10,473 suka mutu a 2023 sanadiyyar cututtukan da barasa ce kai tsaye ta haddasa su. Domin haka muna maraba da yaɗuwar waɗannan abubuwan sha a tsakanin manya masu shan giya. Amma akwai waɗanda tambayarsu ita ce ko akwai barasa ko babu, ba ruwansu da ko za ta bugar. Mace mai juna biyu tana cikinsu, tun da manyan likitocin gwamnati sun ba da shawara a 2016 cewa mafi aminci shi ne kada ta sha ko kaɗan. Wanda ya tuba daga shaye-shaye yana lallaɓa kansa yana cikinsu. Mu ma muna cikinsu. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi miliyan 3.9 a Ingila da Wales, kuma kashi 15 cikin ɗari na mazauna Landan. Hadisi ya zo cewa abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗansa ma haramun ne. Malamanmu sun saɓa kan hukuncin giyar da aka dafa ta zama giya sannan aka tace barasarta, wasu sun sassauta, da yawa sun hana. Ba aikin gwamnati ba ne ta raba wannan gardama, amma haƙƙinta ne ta tabbatar kowa ya ga adadin a fili, ya je ya yi fatawarsa da saninsa.

Akwai wani dalili da ya sa wannan ruɗani ya fi kama al'ummarmu. Mun taso da lemon malt irin su Maltina da Malta Guinness, nan kuma muka tarar da Supermalt. Kamfanonin giya ne ke yin su, kwalbarsu ta yi kama da ta giya, amma lemo ne mai zaƙi da ake bai wa baƙo da mai jego da mai buɗa baki. Idonmu ya saba da ganin sunan kamfanin giya a kan abin da ya halatta. A wani taron suna da aka yi a gidan ɗan'uwana, an aiki wani yaro ɗan shekara 14 ya ƙaro lemo daga kantin kusurwa. Malt ya ƙare, sai ya ga gwangwanaye an rubuta babu barasa, ya ɗauko katan guda, mai kanti ya karɓi kuɗi bai tambaye shi komai ba, kuma bai karya wata doka ba. Sai da wata baƙuwa mai ciki ta kurɓa ta ji ɗaci, aka juya gwangwanin aka ga 0.5 da ƙananan baƙaƙe a can ƙasa. Babu wanda ya cutu a jiki, amma matar ta kwana tana kuka tana tambayar ko ta cutar da abin da ke cikinta, yaron kuma ya sha faɗan da ba laifinsa ba ne.

Wannan ya kawo ni kan yara. Manyan kantuna da yawa sukan nemi shaidar shekaru kafin su sayar da irin wannan giya, amma don ra'ayin kansu suke yi, ƙaramin kanti kuma ba dole ba ne ya bi. Abin da yaro ke saya a nan yana da ɗanɗanon giya da ƙamshinta da kwalbarta da tambarinta, barasar kawai aka rage. Hausawa na cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Yaron da harshensa ya saba da ɗacin tun yana shekara 14, wanda ya riga ya zaɓi kamfanin da yake so, taki ɗaya ya rage masa ranar da ya cika 18, ko kafin nan. Talla ma tana tura shi. Tun kakar 2024 Guinness ce giyar gasar Firimiya a hukumance, Guinness 0.0 kuma ita ce marar barasarta, kuma babu gidan Bahaushe a Landan ko Kano da yara ba sa kallon wannan gasa. Tambari ɗaya ne, suna ɗaya, sai sifili biyu a gefe. Ƙasar Norway ta daɗe da hana tallata kowane kaya da ke ɗauke da tambarin giya, saboda ta gane cewa idon yaro sunan yake riƙewa.

Mun karanta shirin lafiya na shekara goma da gwamnati ta fitar a Yulin 2025, inda aka ce za a duba yiwuwar hana sayar wa yara waɗannan abubuwan sha, za a kuma duba ɗaga ma'aunin "babu barasa" zuwa kashi 0.5, batun da aka riga aka nemi ra'ayin jama'a a kansa tun Satumban 2023. Rabin farko ya faranta mana rai, rabi na biyu ya tsorata mu. Idan aka ɗaga ma'aunin ba tare da tilasta rubuta adadi ba, kalmar da muke dogara da ita a kanti za ta rasa ma'anarta da izinin hukuma.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Ga Ministan Ƙananan Hukumomi, muna roƙon a mayar da faɗin mita 2 sharaɗin doka a duk inda titi ya ba da dama, mita 1.5 kuma ya zama iyakar da ba a sauka ƙasa da ita, kuma a auna shi da mutane zaune a kan kujerun. A shata iyakar kowane wurin zama da alama a ƙasa wadda kowa zai gani, a kewaye shi da shingen da sandar makaho za ta taɓa, a manna zanen lasisin a waje domin mai wucewa ya san ko an ƙetare. A soke ƙa'idar da ke mayar da shirun hukuma amincewa, ko aƙalla a rage irin wannan lasisi zuwa wata uku. A wajabta aika wasiƙa ga gidajen da ke kusa da kuma sanar da ƙungiyoyin masu naƙasa na yankin kafin a yanke hukunci, a buɗe wa mazauna hanyar neman a sake duba lasisi. A bar ƙananan hukumomi su karɓi kuɗin da zai ishe su biyan masu duba wuraren da dare da ƙarshen mako. A kuma hana shan taba a duk kujerar da ke kan hanyar jama'a a faɗin Ingila, kamar yadda Manchester ta yi.

Ga Ministan Lafiya, muna roƙon a fito da dokar hana sayar wa 'yan ƙasa da shekara 18 duk abin shan da aka yi shi a siffar giya, a kuma sanar da ranar da za ta fara aiki, tare da fayyace cewa lemon malt da sauran lemuka ba sa ciki. A tilasta rubuta ainihin ƙarfin barasa da manyan lambobi a gaban kowace kwalba da gwangwani, da jikin famfon mashaya da takardar jerin abin sha, komai ƙanƙantarsa, har da kayan da aka shigo da su daga waje. A bar kalmar "babu barasa" ga abin da bai wuce kashi 0.05 ba, a mayar da ita doka. Idan kuma gwamnati ta dage sai ta ɗaga ma'aunin, to a keɓe wata alama ta daban mai kariyar doka ga abin da ba ya ɗauke da komai, a sa gargaɗin masu juna biyu a kan sauran. A umarci kantuna su ajiye waɗannan kaya a sashen giya, nesa da lemon yara. Sannan duk ƙa'idar da ta hau kan tallan giya ta hau kan tallan da ke amfani da sunanta da tambarinta.

A shirye muke mu karɓi duk jami'in da za ku turo. Muna so ya zo da yammacin Juma'a a watan Yuli, ya riƙe keken mahaifiyata da hannunsa daga tashar bas zuwa ƙofar likita, daga nan mu shiga kantin kusurwa tare ya zaɓo mana, daga rubutun gaban kwalba kawai, wadda mai ciki za ta iya sha.

Muna jiran amsarku a rubuce.

Naku cikin girmamawa,

Wani uba kuma mai jinyar mahaifiyarsa,
a madadin iyalan Hausawa mazauna kudancin Landan